Robar Iskar da Aka Sa wa Mama

Laraba da dare, Agusta 2009

Tsaftar asibitin nan na Sabon Gari sai tafi. Tunda aka fara zancen murar aladu, ba mai shiga sai ya wanke hannu a ƙofa. Na je duba Mama, asmarta ta tashi. A gabana nas ta zare robar oksijin daga hancin wata mai tari, ta goge da gefen rigarta, ta nufo Mama.

Na ce, "Sista, haka za ki sa mata?"

Ta ce, "Ita kaɗai gare mu, Madam. In bar ta tana haki?"

Haka aka sa mata. Yanzu sai juyi nake, barci ya gagara. In Mama ta tashi da tari jibi, wa za su ce ya kwaso mata, in ba ni 'yar kasuwa ba?