Furen da Alwyn Ya Ce Nawa Ne

9 ga Fabrairu

Yaya Enid,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki a wannan sanyi? Ina fatan tarin mijinki Harold ya lafa. Ni lafiya lau, sai kewar maigidana Alwyn.

Ƙarshen wata zan bar gidan. Tagar ɗakin da na samu a gari tukunyar fure ɗaya za ta ɗauka, kuma kin san wanda nake so: furen ƙanƙara, ɗan farin nan mai fitowa a tsakiyar sanyi, wanda Alwyn ya haɗa irinsa da hannunsa, ya ce ya sa masa sunana, kuma bai taɓa ba kowa ba. Sai dai marigayin ya tuge duk alamun suna daga lambun don tsoron ɓarayi, wai komai yana kansa. To, ga kan can a maƙabarta, ya bar ni da kala saba'in, dukansu farare, dukansu sun sunkuyar da kai.

Dole na gayyato 'yan ƙungiyarsu ta masoya furen ƙanƙara su zo ranar Asabar. Wanda suka kasa faɗin sunansa, shi ne nawa. Aƙalla jahilcinsu zai yi amfani sau ɗaya.

Ƙanwarki,
Winifred

16 ga Fabrairu

Yaya Enid,

Ina gaishe ku ke da Harold. Na gode da safar.

Sun zo, su tara. Da kin ga Kanar Tibbs, mai shekara tamanin, ya durƙusa cikin taɓo, gindi a sama, yana leƙen ƙasan fure da ɗan madubin likitan haƙori! Awa guda suka yi suna musu kan ko ɗigon kore biyu ne ko ɗaya ne ya rabe. Wani ya ce wa wani, "Kai dai tabarau za ka sake, dattijo." Suka cinye min kek tas, suka tattake min ciyawa.

Kafin la'asar kowane fure ya samu suna, Yaya. Ko ɗaya bai saura ba.

Na tambayi Kanar, to ina wanda Alwyn ya haɗa? Ya nuna wani mai ɗigon rawaya a gindin tuffa. "Haba, wannan ai ba a musu kansa! Daphne Culpin kenan, haka Alwyn ya sa masa suna. Dukanmu muna da shi, shekara goma sha biyu kenan da ya raba mana."

Daphne Culpin ita ce sakatariyarsu. Tana tsaye a gefena da kofin shayina a hannu, tana kallon takalminta.

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke wa mutumin nan wando mai taɓo a gwiwa. Ban yi kuka a gabansu ba, ba su kai ba. Na ɗauko shebur na miƙa mata, na ce, "Kwashe kayanki, baiwar Allah, kar ki bar ko saiwa." Ta durƙusa ta haƙa, ni kuwa na tsaya a kanta har ta gama.

Ki gaida Harold. Tukunyar nan, albasa zan shuka a ciki.

Ƙanwarki,
Winifred