Asabar a Tafkin Jabi

Yaya Datti,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau. Abuja akwai ci gaba, nan har babur a kan ruwa yake gudu.

Na gyara wa Ogan da nake yi wa aiki nasa babur ɗin ruwan tas, na canja fulogi da batir. Sai dai lokacin neman aikin na ce masa ni ɗan masunta ne daga Yawuri. Yanzu ya ce ranar Asabar ni zan gwada babur ɗin a tafkin Jabi, gaban baƙinsa. Tun jiya na kasa zama. Kada Inna ta ji, addu'a kawai za ta ƙara.

Kai da ka tsamo ni daga kududdufin bayan gida, ana koyon iyo a bokiti?

Ƙaninka,
Sadisu