Hannun Dama na Attahirou

Tayuri, Sabha

Zuwa ga matata Rakiatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna? Yaya zafin Madawa? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Na ba Illia direba takarda ne don na san halin gidanmu: in na aiko saƙon murya, kafin ki kai ƙarshensa maƙwabta sun haddace, kuma maganar ƙanenki ba ta taro ba ce.

Kin ce in gaya miki gaskiyar halin da Attahirou ke ciki. Ciwon ya warke sarai, alhamdu lillahi. Yatsu huɗun hannun dama da injin kwaɓa siminti ya cinye sun tafi, amma babban yatsan na nan, yana motsi. Zuciyarsa ce ba ta warke ba. Rakiatou, ƙanenki ya daina cin abinci da mu. Faranti ɗaya muke kewayewa, ni da shi da Hassoumi mutumin Dosso da muke ɗaki ɗaya, amma da an sauke tukunya sai ya ce ya ƙoshi, ya fice. Can sai in ji ƙarar cokali a bayan ɗaki, yana ci da hagu shi kaɗai kamar wanda ya sato. Masallaci ma sai an ta da salla yake shiga, ana sallama ya sulale, don kada wani ya miƙo masa hannu. Ya rame. Na ce ya koma gida wurin matarsa Habsatou ya huta, ya ce ba zai shiga gari yana gaisawa da dattawa da dungulmi ba, gara ya nausa arewa bakin teku inda ba wanda ya san shi. Wannan maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Amma ki kwantar da hankalinki, mijinki na da dabara. Na ji labari kina gaya wa mutane wai aikina a Libiya kallon talabijin ne. To saurara. A shagon Muhandis da ke unguwar Mahdiya, wato injiniyan da nake wa aiki, mutane kan kawo abin da ya karye kuma babu irinsa a kasuwa: farfelar famfon gona, haƙorin injin niƙa, hannun ƙofar tsohuwar mota. Muna da sikana, wata na'ura kamar babbar tocila. In na zagaya abu da ita, sai siffarsa ta fito a kwamfuta gaba da baya da zurfi, in juya ta duk yadda na so. A cikin manhajar zane nake cike inda ya gutsure, in daidaita awo. Sannan in tura wa firinta, wadda ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take narkarwa tana ɗorawa zagaye bisa zagaye, yadda maginin rumbu ke ɗora laka, har abin ya tashi. Da shara na fara a shagon nan, yau ni ke zama gaban kwamfutar, kuma wallahi ina son aikin nan.

Muhandis ya yarda mu yi wa Attahirou yatsu, irin waɗanda ke lanƙwashewa in ya lanƙwasa wuyan hannu. Ki taya mu da addu'a, amma kada ki gaya wa Habsatou tukuna.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara.

Naki har kullum,
Zulkifli


Tayuri, Sabha

Zuwa ga Rakiatou,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Yaji da kukar da kika aiko sun iso, Hassoumi ya ce Allah ya yi miki albarka.

Rakiatou, ƙanen nan naki zai sa mini hawan jini! Ki ji abin da ya faru. Da kyar na lallaɓo shi shago. Muka ɗauki siffar hannun da ya ji ciwo don mu yi mazaunin da zai zauna daram, sannan muka ɗauki na hagu mai lafiya. Haka ake yi ko'ina: a ɗauki mai lafiyar, a juya shi a manhaja ya koma ɗan'uwansa, tsawon yatsu da kaurinsu duk su zo daidai da jikin mutum. Ni kuma son a sani ya ɗebe ni, na ce ya matso ya ga abin mamaki. Na danna wuri ɗaya, hagu ya kife ya zama dama a gaban idonsa. Ina jiran ya ce kai suruki, kai gwani ne. Shi kuwa sai ya kau da kai.

Na zauna kan zanen nan kamar me. Na raba kowane yatsa gaɓa-gaɓa, na huda hanyar da igiya za ta bi, na buga, na fasa, na sake. Da ya fito kuwa, ba don ni na yi ba, abin ya yi kyau. Muka ɗaura masa, ya lanƙwasa wuyan hannu, yatsu suka rufe, ya ɗauki kofin shayi bai zubar ba. Muhandis har tafi ya yi. Na dawo gida na zuba naman kirki a tukunya.

Da aka ajiye faranti sai gogan naki ya kwance hannun ya rataye a ƙusa. Wai shi ya gani da idonsa, hagunsa ne aka juya, hannun da yake tsarki da shi, kuma juyawa ba ta mai da shi dama ba. Ba zai tsoma shi a abincin mutane ba, ba zai miƙa wa Musulmi shi ba. Na ce haba Attahirou, roba ce fa, jiya-jiya ta fito daga inji, ba ta taɓa shiga bayan gida ba! Ya ce ya sani, amma zuciyarsa ta ƙi. Hassoumi ya so ya yi dariya, ya dubi fuskarsa ya haɗiye. Har limaminmu na kai wa maganar, ya ce ba laifi ko kaɗan. Attahirou ya ce ya ji, ya gode, hannu kuma yana nan a ƙusa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na huce sai na tuna yadda Inna ke buge mana hannu in mun miƙa mata abu da hagu, tun ba mu iya magana ba. Muhandis ya kasa gane me ya dame shi, ni kuwa na gane. Taurin kan gidanku ne, na san shi, da shi nake zaune.

Ba mu ƙare ba tukuna. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Zulkifli


Tayuri, Sabha

Zuwa ga abar ƙaunata Rakiatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mai farin ciki, da fatan ke da yara da Inna kuna cikin alheri.

Albishirinki! Na sake jan Attahirou zuwa shago, na miƙa wa Muhandis sikana, na nannaɗe hannun riga na ɗora hannuna na dama a kan tebur. Na ce da ƙanenki ya buɗe ido da kyau, yau ba juyi, ba kifewa. Ya tsaya a kaina har siffar ta gama fitowa. Hannuna bai kai nasa ba, shi magini ne, don haka na ƙara masa girma a manhaja har ya dace da mazaunin.

Kin tuna ɗan ƙaramin yatsana da igiyar guga ta karya a rijiyar gidanku, lokacin da nake nuna miki ƙarfi kafin aurenmu? To ya fito a kwamfuta a karkace yadda yake. Na kai hannu zan miƙar da shi, aikin ƙiftawar ido ne, sai Attahirou ya dafa kafaɗata ya ce in bar shi haka. Wai shi ne ya riƙe mini gugan ran nan, ya san yatsan, in ya gan shi ya san ba a yi masa wayo ba. Muhandis ya ce karkataccen yatsa zai wahalar da igiya. Ya wahalar kuwa, sai da na sake mata hanya, amma ta bi.

Ran Juma'a muka dawo daga masallaci, Hassoumi ya juye makaroni a faranti. Ban kalli Attahirou ba, na yi kamar ina gyara tabarma. Sai na ji ya ja buta ya wanke hannun, roba da fata duka, ya yi bisimilla, ya gutsuri burodi ya tsoma. Loma ta farko ta kuɓuce ta faɗi a cinyarsa. Hassoumi ya ce da gani hannun Zulkifli ne, ba ya riƙe komai sai cokalin wani. Muka yi ta dariya har da hawaye, ni dai nawa ba na dariya kaɗai ba ne. Ya ci, ya ƙara, ya janye naman da ke gabana ya ce ai hannuna ne ya ɗauka, kada in yi ƙorafi.

Da la'asar shi ya tsaya a ƙofar masallaci yana gaisawa da mutane, har da waɗanda bai sani ba. Maganar teku kuwa ban sake jin ta ba.

Yanzu ki gaya wa Habsatou ta share ɗaki. Shi ne zai kawo miki takardar nan da kansa, a motar Illia. Na sa masa igiya da gaɓoɓi na canji a jaka, na koya masa ɗaurawa, kuma zanen na nan a kwamfuta, duk abin da ya karye sai in buga wani in aiko. Kada ya bar shi a rana ko kusa da murhu, ki riƙa tuna masa.

Ni sai bayan babbar salla in Allah ya yarda, aiki ya yi yawa a shago. Amma in ya shigo ya miƙo miki hannu, ki dubi ɗan ƙaramin yatsan, ki riƙe shi da kyau, kada ki yi saurin saki. Hannuna ne ya riga ni zuwa gida.

Ki gaida Inna da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Zulkifli