Kafin Mu Sake Gwadawa

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Yau mun koma asibiti, ni da maigidana Munzali. Tun da aka sallame ni bara ban sake taka wurin ba. Likita Sakinatu ta gane ni. Ita ce ta tsaya a kaina ranar da jijjiga ta kama ni da cikin wata bakwai, aka fitar da yaron ba rai. Ban gan shi ba. Kafin in farfaɗo an kai shi makwancinsa.

Munzali ne ya yi maganar. Ya ce muna so mu sake gwadawa. Ta ɗaura min abin awo a dantse, ta dubi lambar. "Nazifa, ba yanzu ba. Jininki bai sauka ba. Ki ba ni 'yan watanni mu gyara jikin tukuna." Ta canza min maganin hawan jini, ta ce wanda nake sha bai dace da mai neman ciki ba. Ta ƙara da wata 'yar ƙwaya, folik asid, kullum ɗaya. A rage gishiri da magi da kanwa, a riƙa tafiyar ƙafa, a kwana cikin gidan sauro. Sannan ta juya ga Munzali, ta tambaye shi ko yana shan taba. Ya ɗaga kai yana kallon silin.

Da ta ce ba yanzu ba, daɗi na ji. Allah Ya yafe min.

Asabar, 12 ga Afrilu

Miyar kuka ba magi. Kamar mutum ya dama ganye da ruwa. Munzali ya cinye tas, ya ce ta yi daɗi. Ƙarya yake, na ga yadda maƙogwaronsa ke haɗiya da ƙyar.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na fara tafiya makaranta da ƙafa. Mai kabu-kabun da ya saba ɗaukata ya tsaya a gabana, ya ce, "Malama, lahiya? Ko na yi laihi ne?" Na ce likita ce ta raba mu.

Kafin in fita daga unguwarmu ta Nassarawa hijabina ya jiƙe da gumi. Zafin bana ba a magana. Malama Baiwa, da ke koyar da aji uku kusa da nawa, ta gan ni ina haki a bakin get, ta yi ta dariya. Da na gaya mata dalili sai dariyar ta tsaya. Ta ce gobe in biyo ta gidanta mu tafi tare, ita ma gwiwarta ta fara ƙara.

Asabar, 3 ga Mayu

Munzali ya bar taba, gida ya ɗauki zafi. Ya yi faɗa da fanka, ya yi faɗa da ƙofar banɗaki. Yanzu aswaki ne a bakinsa safe da yamma, ya tauna har ya zama tsintsiya. Ɗazu na ce masa, "Malam, ni fa aka ce ina da ciwo." Ya ce, "Yaron na mutum biyu ne." Sai ya fita da sauri kamar ya faɗi abin kunya.

Ya sayo min abin awon jini na gida, mai batir. Ina tsoronsa kamar hedimasta.

Juma'a, 16 ga Mayu

Lambar ta ɗan sauka. Kaɗan dai. Amma ta sauka.

Asabar, 7 ga Yuni

Argungu, gidan su Munzali, kwana ɗaya bayan Babbar Sallah.

Surukata Inna Tamba ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda take ji da ita, ga soyayyen nama kwano guda, gishiri har yana ƙyalli a jikinsa. Na ɗan taɓa na ajiye. Idonta na kaina tun lomar farko.

"Ɗiyata, mi yah hana ki ci? Miyata ta ɓaci?"

Na ce a'a Inna, likita ce ta hana ni gishiri. Ta ce su da sunka haihi tara, wane likita ya hana su gishiri? Matan gidan suka yi dariya. Ta ce akwai wata mata a bayan kasuwa mai jiƙe-jiƙe, wata biyu kawai sai ciki. Na sunkuyar da kai. Ba ciki ne ya gagare ni ba, Inna. Fita daga cikinsa da rai ne. Amma ba a gaya wa suruka haka.

Na shiga ɗaki na yi kukana.

Lahadi, 8 ga Yuni

Da hantsi na fito da abin awona a tsakar gida, don Munzali ya hana ni tsallake ko rana ɗaya. Inna na zaune ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ashe ta daɗe tana fama da ciwon kai, wani lokaci har ta ga duhu-duhu, tana cewa rana ce. Ta matso tana kallo. "Wanga abu mi yaka hwaɗi?" Na ce bari in gwada miki. Ta miƙo hannu tana dariya.

Lambarta ta fi tawa ta ranar da na fara. Nesa ba kusa ba. Na sake gwadawa, haka.

Na kira Munzali gefe. Ba mu jira Litinin ba, muka sa ta a mota tana faɗa, wai mun mai da ita marar lafiya ranar yawon Sallah. A asibiti suka riƙe ta har la'asar. Ma'aikacin da ya duba ta ya ce Allah ne Ya sa aka kawo ta yau.

Sai da muka zo ƙofar gida ta kama hannuna, ta ce ƙasa-ƙasa, "Tara nih haihwa, huɗu sunka tsaya. Biyu ma ban ji kukansu ba." Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba. Shekara uku ina aure a gidan nan, ban taɓa sani ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Ruwan sama ya sauka, gari ya yi sanyi, sauro ya dawo da rundunarsa. Mun ɗaura sabon gidan sauro.

Inna ta aiko da busasshen kifi daga Argungu, da albasa rabin buhu daga gonar ƙaninta a Augie. Ta kira ni a waya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in daka daddawa da yawa da citta da tafarnuwa, in soya albasa har ta yi ja, ba zan nemi magi ba. Ita ma haka take yi yanzu. "Kin sha naki maganin? Ni na sha nau." Muka yi dariya kamar ƙawaye.

Miyar ta yi daɗi. Wannan karon maƙogwaron Munzali bai tona shi ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Zanena ya fara sakwarkwacewa a ƙugu. Malama Baiwa ta ce yanzu ita ce ke haki a bayana.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ba daɗi yau. Wata yarinya a ajina, Sumayya, ba ta zo ba. Aka ce mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa jiya. Bayan an tashi muka je gaisuwa. Na ga yarinyar zaune a gefen tabarma da takalmin makarantarta, tana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Na dawo gida kaina na sarawa. Lambar ta hau. Munzali ya dawo daga injin casar shinkafa inda yake aiki, ya tarar ban ɗora tukunya ba. Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito da kansa. Na ce masa tsoro nake ji. Na ce duk tafiyar nan da maganin nan, ina yi ne ina fatan likita ta ƙara cewa ba yanzu ba.

Ya zauna a ƙasa kusa da ni, ƙaiƙayi duk a gashinsa. Sannan ya ce, "To mu bari. Wallahi mu bari. Ni na tsaya a bakin ɗakin asibitin nan bara, na san abin da na ji. Idan Allah bai ba mu ba, ke kin ishe ni." Na ce Inna fa? Ya ce Inna tasa ce, shi zai ji da ita.

Ya dafa mana taliya. Ta caɓe.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ba wanda ke jirana yanzu. Amma da safe na sha ƙwayata, na ɗaura takalmi, na zagaya unguwa duk da an yi hutu. Ban san don wa ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Mun je duba Inna. Fadama ta cika, shinkafa kore shar har iya gani. Ta warware ɗankwalin nan, fuskarta ta washe. Har yanzu ba ta kiran sunan Munzali, ɗan fari ne, sai dai "wancan". Ta ce min, "Wancan ya hwaɗa mini. Ba mai matsa miki, kin ji? Lahiyarki ta hi." Ta tura min kwanon zogale.

Ban yi kuka ba sai a mota.

Alhamis, 11 ga Satumba

Likita Sakinatu ta auna, ta duba sakamakon jini da na fitsari, ta sake aunawa. Ta yi murmushi. Ta ce jikina ya shirya daidai gwargwado. Ba ta ce babu haɗari ba. Ta ce idan ya samu in zo tun watan farko, za su sa min ido sosai, akwai maganin da za ta fara ba ni da wuri. "Amma ke za ki ce kin shirya, ba ni ba."

Na ce na gode. Munzali bai tambaye ni komai ba a hanya, sai labarin tayar babur ɗinsa.

Asabar, 13 ga Satumba

Ƙaramin ɗakin da ke kusa da namu ya cika da tarkace: buhunan da ba kowa a ciki, tsohuwar fanka, kwalaye. Yau na fitar da su duka, na share, na wanke, na buɗe taga. Ɓeraye ne suka dame ni, shi ke nan. Ashe ɗakin yana samun iska sosai, kuma daga gadonmu ana jin ko motsi aka yi a ciki.

Munzali ya leƙo, ya dubi bango, ya ce yana son fenti. Ya tambaye ni wane launi. Na ce duk wanda ya samu, ɗakin ajiya ne.

Sai da ya tayar da babur na bi shi har ƙofar gida, ba ko takalmi, na ce ruwan ɗorawa.