Auta Ya Ajiye Injin Ciyawa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da 'yan mata kuna lafiya. Da kina jin waya da na kira ki na huta, amma tunda kunnen nan naki ya ƙi, dole in ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, ya yi manya-manya, biron ne ba shi da kirki.

Ruwa ya ɗauke, ciyawar filin makaranta ta daina tsiro, na yi yankan ƙarshe na bana. Yanzu saura in ajiye injin. Kin san shi, wanda nake hawa kina yi mini dariya wai na zama direban da bai taɓa wuce ƙofar makaranta ba. Na wanke shi, na kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashinsa, don ita ke jawo tsatsa. Na bar shi yana aiki har fetur ɗin tanki ya ƙone tas, saboda in ya yi watanni a ciki kauri yake yi ya toshe kafireta. Saura baƙin mai da wuƙaƙe da batir. Bana a hankali nake yi, ba abin da ke kora ta.

Shugaban ma'aikata ya tsokane ni, wai layukan yankan sun karkace kamar mai gyangyaɗi ne ya yi su. Muka yi dariya.

Maman yara na gaishe ki.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarka, mu ma lafiya lau. Amma ni za ka raina wa hankali? Biro ba ya sa layi ya hau kan layi. Sai da na kai takardarka bakin ƙofa na juya ta sama da ƙasa kafin na gane abin da ka rubuta.

Matarka ta riga ta rubuto mini, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa. Ta ce ka daki ƙarfen ragar ƙwallo da injin har gabansa ya lotsa, ka dawo gida ka ce birki ne. Ta ce kana zuba ruwa a gefen kofi, kuma sai yara sun yi magana kake sanin wanda ya shigo. Ni na goya ka, na san halinka. Kana jan aikin nan ne don ka ɓuya a sito har ciyawa ta dawo, ko Allah zai sa abin ya wuce da kansa. Haka Baba ya yi da ciwon sugan nan, kuma kana nan ka ga yadda idonsa ya ƙare.

Ka rufe siton nan ka je asibitin ido. Ƙarfe ba ya guduwa. Ban yarda in sake ganin takardarka ba sai da maganar likita a ciki.

Allah ya sawwaƙe. Ka gaida yara.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je.

Likitan ya daɗe yana haska ni da fitila. Daga baya ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Magani zai iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi ko zan iya tuƙi in ruwa ya sauko. Ya ce me nake tuƙawa, na gaya masa. Sai ya ce, "Yara suna wasa a filin?" Na tashi na fito.

Daga can sito na wuce. Na kwanta ƙarƙashin injin na kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye a kwano. Da zan mayar, notin ya suɓuce mini. Na yi ta rarrafe ina lalube, duk hannuna mai. Ashe shugaba yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ni kuma na ɗauka inuwar ƙyauren ce. Ya tako ya ɗauki notin daga gefen gwiwata ya sa mini a tafin hannu. Bai tsokane ni ba wannan karon. Ya ce in gama aikina a natse, in na gama in same shi a ofis.

To, na gama. Na zuba sabon mai. Na cire wuƙaƙen na wasa su, wannan dama da babban yatsa nake ji, ba da ido ba. Na shafa musu mai, na sa giris duk inda ke juyawa, na ƙara wa tayoyi iska don kada su zauna. Na cire batir na ɗora a kan kanta inda danshi ba ya kai. Na sa maganin ɓera, don bara ɓeraye sun cinye mini wayoyin injin. Kafin in ja tamfol na hau kujerar na ɗan zauna, hannuna a kan sitiyari. Ban san iya daɗewar da na yi ba.

A ofis ba a ja magana ba, aikina ya ƙare. Mutumin kirki ne, har kujera ya jawo mini. Gidan da muke ciki na makaranta ne, za a bar mu har a ɗauki wani.

Wannan takardar ta ci mini yini guda, kuma ban iya karanta abin da na rubuta. Ke ba kya ji, ni ga shi. Ban san ta inda za mu riƙa hira ba.

Na bar ki lafiya.

Auta

Auta,

Na karanta. Ban iya cin komai ba ranar. Na yi maka faɗa a waccan takardar, yanzu ina jin haushin kaina.

Ku tattaro ku taho, kai da matarka da yara. Gidan ba shi da girma, amma za mu matsa. Hira kuma, ni bakina lafiya lau yake, kai kunnenka lafiya lau. Zan yi ta zuba, kai kuma ka juyo in ga bakinka. Dama tun kana ƙarami ba na barin ka ka yi magana.

Ina jiran ku.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Rubutun Maman yara ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Ita ta karanta mini taki. Akwai abubuwan da ba zan iya faɗa ta hannun wani ba, na bar su.

Ruwa ya sauko. Sun ɗauki sabon mutum, ya zo har gida ya gaishe ni, na gaya masa inda batir yake. Muna ɗaure kaya na ji injin ya tashi. Daga ƙarar na san ya saukar da wuƙa da yawa, yana aske filin har ƙasa. Na miƙe zan aika masa, sai na koma na zauna.

Za mu taso ƙarshen wata. An ce kin fitar da 'yan mata daga ɗakin nan mai babbar taga saboda ni. Ki mayar da su, suna karatu. Ni ɗakin baya ya ishe ni.

Ƙaninki,
Auta