Kwana ta Ashirin da Uku

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Ina fatan tarin ƙaramin ya lafa.

Bayan haka, jiya da safe na miƙa hannu kan ƙusar bayan ƙofa, na tarar babu makullin motata 'Yar Ja. Tun rasuwar mahaifiyarki ba mai shigowa gidan nan sai ke da mai duba mitar wuta, shi kuwa ba ya wuce bakin ƙofa. Kin share mini ɗaki, kin jera mini magunguna, sannan kin tafi da ƙafafuna a cikin jakarki. Motar tawa ce, lasin nawa ne, ba zai ƙare ba sai baɗi. Ki maido mini.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, yara ma suna gaida kakansu.

Ni na ɗauka, ba zan ɓoye ba. Bakanikenka ya gaya mini abin da ka hana shi faɗa: ka gurje gefen motar da ƙarfen bakin hanya a can kan dutse. Likita kuma ya ce idonka na hagu ya kusa daina aiki. Baba, daga gado zuwa banɗaki sai da sanda, amma kana hawa hanyar da gefenta rami ne, a motar da ba ta fi kwandon wanki ba? Idan iska kake so, maigidana zai kai ka ran Lahadi, ka zauna a baya ka huta.

Na rasa uwa bara. Ka bar mini uba.

Ka yafe mini,
Autarka.

*

Zuwa ga Auta,

Saƙonki ya iso, na karanta shi da idon da ya rage. Ki gaida maigidanki, ki ce na gode, amma ni ba buhu ba ne da za a ɗora a baya. Shi fa mutum ne da ke taka birki idan ya hango kwana a allon talla.

Kin manta wani abu. Makullin nan ƙofar motar kawai yake buɗewa. Shekara ashirin ke nan da maɓalli nake tayar da ita, wanda na dasa ƙarƙashin sitiyari, ke ce ma kika riƙe mini fitila ran da na dasa shi. Ƙofar kuwa ban taɓa kullewa ba.

Na hau dutsen ranar Alhamis da hantsi. Kwanar hanya arba'in da ɗaya ce daga gada zuwa ƙoli. Na sauke gilashi, na maido ta giya ta biyu, ta shiga kwanar farko tana manne da kwalta, ta fita tana kuka. A nan hannuna ba ya rawa. A nan ba mai ce mini sannu. A ɗaki ni tsoho ne mai ƙirga ƙwayoyin magani, amma tsakanin kwana ta tara da ta goma sha biyu, inda hanya ke murɗewa sau huɗu ba hutu, na ji kaina ina dariya ni kaɗai.

Ba zan yi miki ƙarya ba. A ta ashirin da uku na tsaya cak, don ban ga bakinta ba. Nan ne na gurje motar wancan karon. Da ma ban taɓa tuƙa hanyar nan da ido kaɗai ba. Mahaifiyarki ce ke zama a gefena da ɗan littafi, tana kira mini kowace kwana kafin mu isa: "Dama, mai faɗi, taka totur. Hagu, matsattsiya, kama kanka, tsoho." Ba idona kaɗai na rasa ba.

Ga littafin nan cikin ambulan. Ran Talata ƙarfe tara zan sake hawa, ko da makulli ko babu. Kujerarta ba kowa.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da yini. Na yi fushi, na yi kuka, na karanta littafin sau uku. Kwana arba'in duk na haddace. Amma a shafi na huɗu ruwa ya ɓata rubutun Mama. Ta ashirin da uku, hagu ce ko dama?

Kada ka taɓa maɓallin nan sai na iso. Kuma ni zan tuƙa.

Autarka.

*

Auta,

Gaisuwa. Hagu ce, matsattsiya. Ki kira ta da ƙarfi, kunnen ma ba kamar da ba.

Ki zo da takalmi marar tsini. Hawa nawa ne. Saukowa kuwa, sai na ji yadda kika yi kira.

Mahaifinki.