Gwiwa Ta Sha Bakwai

Barrancabermeja, 4 ga Maris

Baba Efraín,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa, ya Inna Zoila? Tunda ka rantse ba ka ɗaukar waya, ga takarda ta hannun mai jirgin ruwa.

Jiya na auna kaurin bututun gas da ke bayan ɗakin cin abincin ma'aikata, a lanƙwasar da muke kira gwiwa ta sha bakwai. Na kankare fenti, na shafa mai, na ɗora na'urar da ke auna kauri da sauti yadda ka koya min. Ta ce milimita shida, daidai da abin da ka rubuta bara kafin ka yi ritaya. Amma shekara biyar baya, littafi ya ce huɗu da rabi. Kai ka ce min ƙarfe ba ya ƙiba. Na cire babban kan na'urar, na sa ƙarami, na sake aunawa: uku. Ashe amsa-kuwwa ta biyu babban kan yake ji, sai ya ninka kaurin. Ka san ƙasa da huɗu rufe layi ake yi.

'Yarka ta wurin aiki,
Yurany

Mompox, 8 ga Maris

Yurany,

Muna lafiya. Ƙafa na nan, ita ma ta fara tsatsa.

Wa ya aike ki canza kan na'ura? Duba batir, ki auna da safe kafin bututu ya ɗau zafi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo min da takardar awo ba. Wata mai zuwa ma za su sa wa ɗakin horaswa sunana, Zoila har ta ɗinka rigar bikin.

Ki gaida uwarki.
Efraín

Barrancabermeja, 11 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na auna da safe, sau uku, da sabon batir. Uku ne.

Injiniya ya ce, "Yarinya, Don Efraín ya ce shida, ke ki ce uku? Sa hannu mana, rana na yi." Ban sa ba. Mutum tamanin ke cin abinci jikin bangon nan.

Uku zan rubuta ranar Juma'a. Zan iya cewa tsatsa ce ta cinye rabi cikin shekara guda. Ba wanda zai yarda, amma saboda kai ba wanda zai tambaya. Abin ya dame ni.

Taka,
Yurany

Mompox, 13 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa. Kada ki yi wa tsatsa ƙarya. Rubuta cewa shidan bara kuskuren Efraín Ospino ne. Da babban kan nan na auna gwiwa goma sha tara a layin, a sake su duka.

Zoila ta aiko miki da cuku. Rigar bikin kuwa, sai dai ta sa ta zuwa coci.

Babanki,
Efraín